Ragar gaban mota ta koɗe: a shafa mata mai, a fesa fenti, ko a sayi wata?

Motata Corolla ce ƙirar 2006, irin waɗanda ake shigowa da su daga Amurka, kuma shekara uku ke nan a waje take kwana a waje take wuni, domin gidan da nake haya ba shi da rumfar mota. Fentin jikinta ya jure. Abin da ya fara tona mata asiri shi ne ragar gaba, wannan baƙar robar da ke tsakanin fitilu, da kuma ta ƙasa da ke cikin bamba. Sun yi fari-fari, kamar ƙaurin yaron da ba a shafa wa mai ba da hunturu. Ko an wanke motar tas, wanda ya hango ta daga gaba sai ya ƙara mata shekara biyar.

Kafin in taɓa ta na tambayi mutane da yawa, kowa da tasa. Yaron da ke wanke mini mota ya ce a bar masa, yana da man da zai shafa. Wani maƙwabcina ya ce wuta ake haska mata ta dawo baƙa. Mai fenti ya ce in kawo ya fesa. Wani kuma ya ce in daina wahalar da kaina, in je kasuwar Kofar Ruwa ta Kano in sayi wata. Duk cikinsu babu wanda ya yi ƙarya gaba ɗaya, amma babu wanda ya tambaye ni abin da daga baya na gane shi ne tushen maganar: wace irin roba ce, kuma me aka riga aka shafa mata a baya?

Koɗewar nan ba datti ba ne, shi ya sa sabulu ba ya fitar da ita. Hasken rana ne ke cin saman robar sannu a hankali, yana tsinka sinadaran da suka haɗa ta, har saman ya bushe ya yi ƙananan tsagogin da ido ba ya gani. Wannan busasshen saman shi ke watsa haske ya ba da launin toka. Ƙasansa robar tana nan baƙa. Saboda haka duk dabarun da ake yi uku ne kawai: ko a jiƙa busasshen saman da wani mai don ya yi duhu, ko a narkar da shi, ko a rufe shi da wani abu. Na huɗu shi ne a jefar da ragar a sa wata.

Idan ka cire ragar ka juya bayanta, za ka ga wasu haruffa da aka buga a jikin robar tsakanin alamu biyu masu kama da bakin kibiya. Wata za ka ga >ABS<, wata >ASA<, wata >PP<, ko >PP+EPDM<, ko >TPO<. Wannan rubutun sunan irin robar ne a taƙaice, kuma ya fi duk shawarar da za a ba ka amfani. ABS roba ce mai tauri, fenti yana kama ta cikin sauƙi, kuma ita aka fi yi wa rufin nan mai ƙyalli kamar azurfa. Sai dai ba ta shiri da sinadarai masu ƙarfi: tina mai zafi ko man goge farce na mata zai iya narkar da samanta. PP da danginta akasin haka suke. Suna da laushi, suna lanƙwasuwa, sinadari ba ya damunsu sosai, amma samansu kamar kakin zuma yake, babu abin da ke son manne musu. Fesa musu fenti kai tsaye daidai yake da yin rubutu da tawada a kan leda. Idan rubutun bayan ya goge, akwai wani gwaji: ka ɗan yanki ƙaramin ɓallin roba daga inda ba a gani, ka jefa a kofin ruwa. PP zalla ta fi ruwa rashin nauyi, tana tasowa sama. ABS tana nutsewa. Gwajin ba cikakke ba ne, domin PP da aka gauraya da hoda tana iya nutsewa ita ma, amma in ta taso to ka san da wa kake. Tawa, ta sama ABS ce, ta ƙasa PP. Mota ɗaya, roba iri biyu.

Bari in fara da shafe-shafe, tunda shi kowa ke fara gwadawa. Baƙin mai, man gyaɗa, basilin, man goge takalmi, man da ake shafa wa taya a wurin wankin mota, duk na ga an yi. Dukansu suna sa roba ta yi baƙi nan take, kuma dukansu suna tafiya cikin kwanaki. A garin da ƙura ke tashi kamar Kano, mai a gaban mota gayyatar ƙura ne. Kafin ka je Zariya ka dawo ragar ta koma ja. Man birki kuwa kada ma ya kusanci gaban motarka, domin in ya ɗiga a kan fentin bamba ko bonet cinye shi yake yi. Babbar illar waɗannan mayukan ba gajeren kwanansu ba ne. Yawancin man ƙyallin taya da na gaban direba suna ɗauke da silikon, kuma silikon yana shiga cikin tsagogin nan na busasshiyar roba ya zauna. Ranar da ka yanke shawarar yin fenti, shi ne zai sa fentin ya riƙa gudu daga wasu wurare yana barin ƙananan ramuka kamar an tsattsaga da allura. Wato araha ta yau tana ƙara maka aikin gobe.

Akwai mayukan da aka yi musamman don wannan aikin, irin su Back-to-Black na kamfanin Mothers, da Ultimate Black na Meguiar's, da Solution Finish wanda ke ɗauke da baƙin launi a cikinsa, da kuma ƙyallayen Cerakote masu barin wani siririn rufi mai tauri. Waɗannan sun fi na gargajiya nesa ba kusa ba. Masu ruwa-ruwa suna ɗaukar makonni, masu launi da masu taurin rufi suna iya kai watanni. Ba sai ka cire ragar ba, ba ka bukatar gwaninta, kuma in ba ka ji daɗin sakamakon ba babu abin da ka lalata. Ga wanda ragarsa ta fara dusashewa ne kawai, ko wanda motarsa ke kwana a rumfa, wannan ya isa. Matsalarsu biyu ce. Samunsu na gaskiya a kasuwanninmu sai an bincika, galibi sai a manyan shagunan kayan mota ko ta intanet. Sannan raga ba shimfiɗaɗɗen wuri ba ne. Shafa mai a cikin ramuka ɗari da ɗan tsumma, kuma a maimaita duk bayan 'yan watanni, aiki ne da mutum ke yi sau biyu ya gaji.

Batun wuta gajere ne. Gaskiya ne idan aka hura wa koɗaɗɗiyar roba iska mai zafi tana komawa baƙa a gaban idonka, domin saman ne ke narkewa ya sake haɗewa. Amma ABS tana fara laushi da zafi ya wuce digiri 100 kaɗan, PP tana narkewa wajen digiri 160, na'urar hura zafin kuwa tana iya wuce digiri 500. A kan faffaɗan bamba mai kauri, mai hannu da sauri zai iya tsira. A kan siraran sandunan raga, daƙiƙa biyu na jinkiri sun isa su lanƙwashe su, kuma abin da ya lanƙwashe ba ya miƙewa. Ko an dace, baƙin ba ya daɗewa, kuma kowane zagaye yana barin robar ta fi da gautsi. Maƙwabcin nawa da ya ba ni shawarar, da na leƙa tasa ragar sai na ga dabbare-dabbare, wani wuri na sheƙi wani wuri a dushe. Ban ce masa komai ba, amma ban ari na'urar ba.

Fenti shi ne inda maganar take da tsawo, domin shi ne ya fi daɗewa idan an yi daidai, kuma shi ne ya fi muni idan an yi ganganci. Ragar da ta koɗe tsufa kawai ta nuna. Ragar da fenti ke ɓarewa a jikinta kuwa tana gaya wa kowa cewa an yi ƙoƙarin ɓoye wani abu.

Gwangwanin feshi ba ya wahalar samu. ABRO da Bosny suna ko'ina a shagunan fenti da na kayan gini. Abin da ke wahalar samu, kuma shi ne rabin aikin, shi ne ruwan shimfiɗar da ke sa fenti ya kama roba. A jikin gwangwaninsa za ka ga an rubuta "adhesion promoter" ko "plastic primer", kuma yawanci ba shi da launi, kamar ruwa yake fita. Kada mai shago ya miƙo maka jan fentin shimfiɗa ko mai ruwan toka na ƙarfe ya ce duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Idan ragarka ABS ce, za ka iya tsira ba tare da shi ba in ka goge ta da kyau, ko da yake sa shi ya fi. Idan PP ce, rashinsa na nufin fentin zai ɓare kamar ɓawon albasa ranar da aka fara watsa masa ruwan inji a wurin wanki. Akwai fentin da aka yi don roba kai tsaye, irin su Krylon Fusion da Trim Black na SEM, amma ko da su, a kan PP ni ba zan tsallake shimfiɗar ba. In ka nema ka rasa, gara ka koma ga mayukan shafawa ko ka kai wa mai fenti da ka yi asarar gwangwani da yini guda.

Na farko a aikin shi ne cire ragar daga motar. Wasu suna liƙa jarida a kewaye su fesa a wurin, amma a bayan ragar nan lagireto yake da na'urar sanyaya iskar mota, kuma duk fentin da ya ratsa ramukan a kan siraran haƙarƙarinsu yake sauka. Ban da haka ba za ka taɓa samun gefen sandunan da kyau ba. Cirewar ba ta da wuya: a buɗe bonet, akwai 'yan sukurori da maɓallan roba a sama, sai ƙugiyoyi a ƙasa. Maɓallan nan sun sha rana kamar ragar, wasu za su karye ko yaya ka lallaɓa su, don haka ka sayi 'yan kaɗan ka ajiye tun kafin ka fara. Tambarin kamfanin da ke tsakiya in yana fita a cire shi, in ba ya fita a rufe shi da salatif ɗin takarda.

Sai wanki, kuma a nan ake cin nasara ko a faɗi. Ruwan ɗumi, sabulun wanke kwanuka, da tsohon buroshin haƙori, rami bayan rami. Idan an taɓa shafa mata man taya, a wanke sau uku ba sau ɗaya ba. Bayan ta bushe a goge da sifirit na kemis a kan tsumma mai tsabta. Ba fetur ba, ba tina ba. Daga nan a bi ta da samfefa mai laushi, lamba 600 ta yi, ba don a kankare robar ba sai don a cire mataccen saman a kuma ba fenti wurin riƙewa. In robar mai ƙurji-ƙurji ce kada a danna har ƙurjin ya baje, domin shi ke ba ta kamannin ta kamfani. A sake wankewa, a bar ta ta bushe sarai. Ruwa yana maƙalewa a kusurwoyi, kuma ɗigo ɗaya da iskar gwangwani ta turo kan ɗanyen fenti ya isa ya ɓata wurin. Daga wannan lokacin kada a riƙe fuskar ragar da hannu tsirara. Maiƙon yatsa ma maiƙo ne.

Feshin kansa bai kai rabin awa na ainihin aiki ba, sauran duk jira ne. A girgiza gwangwani minti biyu cur. Shimfiɗar roba siririya ake yi, sau ɗaya ko biyu, a jira mintunan da aka rubuta a jikin gwangwanin, sannan a bi da fenti ba tare da an bar ta ta kwana ba. Nisan hannu daga raga kamar taƙi ɗaya, santimita 20 zuwa 25. Zagayen farko ya zama kamar hazo, har kana hango tokar a ƙasa. Zuciya za ta ce ka ƙara, kada ka ƙara. Minti goma, sai na biyu, sai na uku, wani lokaci na huɗu. Abin da ya bambanta raga da sauran sassan mota shi ne kowace sanda tana da fuska huɗu, don haka kowane zagaye a sauya ɓangaren da ake fesowa: daga sama, daga ƙasa, daga dama, daga hagu. Wanda ya tsaya wuri ɗaya yana son ya cika ramuka, fentin zai taru ya zubo kamar hawaye. Gwangwani ɗaya mai mililita 400 ya ishi ragar sama. In har da ta ƙasa, a sayi biyu.

Wane baƙi? Mai sheƙi sosai yana da kyau a hoto, amma yana nuna kowace ƙura da kowane kuskure, kuma a kan tsohuwar mota sai ya zama kamar sabon haƙorin Makka a bakin tsoho. Wanda ba ya sheƙi ko kaɗan yana riƙe ƙura, kuma inda ake yawan gogawa yana fara ƙyalli shi kaɗai. Na tsakiya, wanda ake rubuta wa "satin", shi ya fi kama da yadda robar ta fito daga kamfani. Shi na zaɓa.

Yanayi ma yana da ta cewa. Da tsakar hunturu iska cike take da ƙura, duk abin da ka fesa a tsakar gida zai bushe da yashi a jikinsa. Da bazara, a watan Afrilu da zafin Kano ke kai digiri 40, fentin yana bushewa a iska kafin ya sauka, sai ya ba da sama mai kaushi kamar samfefa. Ranar da aka yi ruwa da damina kuma danshi yana sa shi ya yi fari-fari. Lokacin da ya fi shi ne da kaka, ko kuma kowane lokaci da sassafe, a inuwa, a wurin da iska ke wucewa amma ba ta kaɗawa, bayan an yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta. A yi nesa da murhu, da tukunyar gas, da janareto, domin abin da ke fita daga gwangwanin yana kama wuta. A rufe hanci da baki, yara su koma ciki. A bar ragar kwana ɗaya kafin a mayar, kuma mako guda kada ruwan inji ya taɓa ta.

Akwai wani ɗan'uwan fenti da samari ke so, Plasti Dip, na wani kamfani a jihar Minnesota ta Amurka. Roba ce ake fesawa, in ta bushe sai ta zama kamar fata, kuma ranar da ka gaji da ita sai ka ɓare ta. Ba ta bukatar samfefa, tana kama har rufin azurfa, kuma kuskure a cikinta ba na dindindin ba ne. Amma sai an yi mata zagaye biyar ko shida kafin ta yi kaurin da za ta ɓaru salin-alin. In ta yi siriri, cire ta daga ramukan raga sai ka gwammace kiɗa da karatu. Fetur yana narkar da ita, tsakuwa tana yaga ta, kuma samanta yana riƙe ƙura fiye da fenti. Ga mai son ya gwada baƙi a kan azurfar ragarsa ya ga ko zai so, ta dace. Ga mai neman abin da zai yi sau ɗaya ya manta, fenti ya fi ta. Sitika kuma, irin wadda masu liƙa wa motoci ado ke yi, tana kyau a kan faffaɗan zoben da ke kewaye da raga, amma ba ta shiga ramuka.

To mai fenti fa? Yana da abin da ba ka da shi: injin iska, da fentin da ake haɗawa da sinadarin taurarawa, wanda ya fi na gwangwani jure rana da tsakuwa. In dai ƙarfin fenti ake magana, ya fi ka. Abin da ba shi da shi sau da yawa shi ne lokacin zama da buroshin haƙori a kan ƙaramin aikin da kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Wani da na taɓa kai wa murfin madubin gefe ya fesa shi da kyau, ya yi sheƙi, bayan wata biyu ya fara tashi daga gefe, domin babu shimfiɗar roba a ƙasa. Idan za ka kai, ka cire ragar da kanka, ka wanke ta a gida, ka tambaye shi ƙarara: "Maigida, me za ka sa a ƙasa kafin fentin?" In ya nuna maka gwangwanin shimfiɗar roba, bar masa. In ya ce fentinsa yana kama komai, ɗauki kayanka.

Akwai kuma inda duk wannan ɓata lokaci ne. Ragar da ta tsage, ko ƙugiyoyinta suka karye har tana rawa a kan hanya, ko ta yi gautsin da in ka danna sanda sai ta ɓalle, fenti ba zai mayar mata da ƙarfi ba. Haka wadda rufin azurfarta ya kumbura yana ɓarewa: sai an kankare shi duka kafin wani abu ya zauna, gefensa kuma yana yanka hannu kamar reza. Ga motocin da suka cika gari irin Corolla, Camry, Accord da Golf, raga ba ta wahalar samu a Kofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Ladipo a Legas. Ta Beljiyam, wato wadda aka ciro daga wata motar, ita ce ta asali kuma tana zama daidai, sai dai ita ma ta sha tata ranar, a duba ƙugiyoyinta ɗaya bayan ɗaya. Sabuwa ta kwaikwayo tana da kyan gani ranar farko, amma wata ba ta zama daidai a mazauninta, wata kuma tana koɗewa da wuri. Ka tafi da tsohuwar a hannu ka gwada su gefe da gefe, domin ƙirar Amurka da ta Turai ta shekara ɗaya ba lallai ragarsu ta zo ɗaya ba.

Masu sababbin motoci su lura da abu ɗaya. Corolla ta Amurka daga ƙirar 2017, da wasu Toyota da yawa na wannan zamanin, suna da na'urar hango abin da ke gaba a bayan tambarin da ke tsakiyar raga, ita ke taimaka wa motar ta taka birki da kanta. Tambarin nan santsi gare shi kamar gilashi. Kada fenti, ko sitika, ko Plasti Dip ya hau kansa.

Ni dai na fesa duka biyun, ta sama da ta ƙasa, wata Asabar a watan Nuwamba kafin ƙura ta sauko. Maɓalli uku suka karye, na sa sababbi. Yanzu wata goma sha huɗu ke nan. Ta sama tana nan yadda na bar ta. Ta ƙasa, wadda ke karɓar tsakuwar hanyar Wudil, ta sami 'yan tabo huɗu ko biyar. Sai na fesa ragowar fentin a murfin gwangwani, na tsoma tsinken ashana, na ɗiɗɗiga a kansu.